Gaisuwar Kangayen Sawakin

Maƙwabciyata a nan unguwar Faisal, a ƙasar da nake baƙunta, ta buɗe kifin gishiri ranar bikinsu na bazara, warin ya hawo bene ya same ni ina tsince shinkafa. Nan take na ga Sawakin, garin bakin teku inda aka haife ni a Sudan, na ga bayan Kaka tana tafe da hannunta a kafaɗar ƙanwata.

Mu Hausawan can, hanyar hajji ce ta ajiye kakanninmu. Ko da na yi wayo, tsohon garin da ke kan tsibiri ya riga ya zama kangaye, gidajen farin dutsen teku suna zubewa, kyanwoyi sun fi mutane yawa. Kowace Juma'a da la'asar, in zafi ya yi sauƙi, Kaka takan tsallaka ta gaida kangayen. Ta tsaya a ƙofar da babu ɗaki a bayanta, ta yi sallama, ta faɗi waɗanda suka zauna ciki da abin da ya kwashe su. Daga tata kakar ta karɓo wannan gado, kuma yarinya ɗaya ake ba.

Ni ce babba. Ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke matsa mata ƙafa. Amma ƙanwata ta zaɓa.

"Ke idonki ya cika yawo," ta ce da ni. "Riƙe buta ki biyo mu."

Na bi su, taku uku a baya. Sai dai babu abin da ya wuce kunnena. Cewa take yi yaƙi cika gari yake fara yi kafin ya rage shi. In an tare hanyar tudu, mutanen ƙauye su kwararo, ɗaki guda ya ɗauki gida uku, rijiyoyi kuwa suna bayan ganuwa inda ba mai iya zuwa. Ƙishirwa da ciwon ciki su ɗebi yara tun mashi bai taɓa kowa ba. Daga nan masu jirage su haye teku da iyalansu, a bar zawarawa da mahajjatan da hanya ta yanke musu. "Daga wannan ragowar muka fito," in ji ta. Ƙanwata kuwa ƙaguwa take kallo a bakin ruwa.

Bara jikar ƙanwata, wadda ke jami'a, aka ba ta rubutu a kan garin. Wata rana na je ziyara unguwar Dokki, gidan ɗan ƙanwar tawa, na tarar yarinyar ta kunna waya gaban kakarta tana ɗaukar maganarta.

"Yaƙi ya zo, aka kashe maza, gari ya mutu. Khalas, shi ke nan," in ji ƙanwata.

"Ba haka Kaka ta faɗa ba."

"Yaya, ni aka ba ko ke?"

"An ba ki, kin zubar."

Yarinyar ta juyo da wayar. "Ma'alish, yi haƙuri, Kaka babba, ke faɗa mini."

Na faɗa har la'asar, gida gida. Da ta gama rubutun ta zo ta karanta mini, tunda ni ban san baƙi ba. Maganata ce tsaf. A ƙarshe kuma ta ce ta samo ne daga kakarta, wadda aka ba wa gadon. Na ba ta shayi, na sallame ta.

Yanzu ina kallon unguwar nan tana cika da mutanen Sham da namu na Sudan, gida uku a shaƙƙa guda, wato sashe ɗaya na bene, ba wanda ya san wa ke bayan ƙofar wani. In sun watse, wa zai yi musu sallama?

An sake ba yarinyar wani rubutun. Ƙanwata ta aiko a tambaye ni su wa suka zauna a layin masu jirage. Na ce ta zo da ƙafarta ta tambaya. Yau wata biyu ke nan, ba ta zo ba, ni ma ban je ba. Jiya ina lissafa gidajen layin a raina, na zo na huɗu, sunan ya ƙi zuwa.