Ranar da Elwood Ya Hana Kumbo Tashi

Elwood Tarr masuncin ƙaguwa ne a tsibirinmu na gaɓar Virginia, kamar ubansa da kakansa. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, don haka na san zafin ransa tun muna yara.

Daga tsallaken ruwa wani kamfani ke harba kumbon da ke kai wa 'yan sama jannati abinci da kayan aiki a tasharsu ta sararin samaniya. Duk ranar harbi sai a rufe teku, ba jirgin da zai fita. In iska ta ɓaci a ɗaga harbin, gobe a sake rufewa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi masunta ko ya dace.

A kakar da abin ya faru an yi ta ɗagawa, tarkunan Elwood na can cikin ruwa, ga shi an ce guguwa na tafe. Ya je gidan abincin ƙanwarsa Loretta, ya tarar baƙi 'yan kallon harbi sun cika shi maƙil.

"Wai don mutanen sama su sami safa da man goge baki, ni in zauna tarkunana su tafi?" ya ce da ƙarfi.

"Yaya, ka rufa min asiri, ina da baƙi," in ji Loretta. "Zauna ka sha kofi."

"Ke ai gaba ta kai ki! Kullum a ɗaga, kullum ki sayar da soyayyen kifi."

Ya fice, ya tayar da jirginsa, ya shiga teku duk da ranar harbi ce an rufe shi. Bai ɗago rabin tarkunan ba 'yan sandan ruwa suka cim masa. Ba a harba kumbo in akwai jirgi a wajen, kafin su fito da shi kuwa lokacin harbi ya wuce, aka fasa.

Da ya iso gaɓa, mutanen da suka yi doguwar tafiya don kallo suna jiransa. Wani ya jefe shi da gwangwani. Wata mata ta nuna masa ɗanta yana kuka. Elwood ya dube ta ya ce, "Ki kai shi gida, baiwar Allah, ni ma yau ban ga abin da na fito nema ba."

Guguwar ta zo ta kwashe sauran tarkunan. Kotu ta karɓe masa izinin kamun ƙaguwa, ya sayar da jirgin. Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne 'yan uwansa masunta da suka yi ta zuga shi a rumfar hirarsu. Ranar shari'a ko ɗaya bai leƙo ba.

Yanzu yana gyaran kifi a bayan gidan abincin Loretta. Ranar harbi, in tagogi suka fara girgiza saboda ƙarar kumbo kowa ya ruga waje kallo, shi kaɗai ke ci gaba da aiki, yana zagin kifin.