Shafukan da Inna ta ɗinke

Bana shekara shida ke nan da aka binne mahaifiyata, Hajiya Dije, a ƙasar da ba ta taɓa sakin jiki da ita ba ko na wuni ɗaya. Inna muke ce mata. Daga Gumel ta zo garin Woodbridge na jihar Virginia don ta kula da ni a jegon ɗana na biyu, da niyyar komawa bayan arba'in, sai zama ya miƙe har ajali ya same ta a nan.

Inna mace ce mai zargi. Ruwan famfo sai ta tafasa shi, naman kanti sai ta ji wanda ya yanka. Idan mai kawo wasiƙa ya yi mata murmushi, sai ta tambaye ni me yake nema. Takan ce ruwa ba ya tsami banza. Ni da nake sammako in shiga cunkoson babbar hanya zuwa asibitin da nake aiki, in bar mata yara, wannan hali nata yakan kwantar mini da hankali, wata rana kuma ya ba ni kunya.

'Yata Safiya tana da shekara bakwai lokacin da maƙwabciyarmu Lupe, 'yar Meksiko, ta ba ta kyautar wani littafin yara mai hotuna. Kowane shafi rubutu biyu ne, Turanci a sama, Sifaniyanci a ƙasa. Labarin wata tsohuwa ne da ke yi wa jikokinta maganin gida. Inna ba ta yi boko ba, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Ta ga tsohuwar tana murza ɗanyen ƙwai a jikin yaro, ta fasa shi cikin kofin ruwa tana leƙawa. A wani shafin ta ga tebur cike da hotunan mamata, da kyandir, da kwanonin abinci. Da na dawo daga aiki na tarar da littafin a ƙulle cikin leda a saman firij, Safiya ta yi kuka har ta gaji, Inna kuma ta riga ta tofa addu'a a ruwa ta ba ta ta sha.

"Duk yaran unguwar nan, me ya sa sai tamu?" in ji ta. "Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ranar Asabar ta yafa mayafi, ta tasa ni gaba zuwa gidan Lupe in yi mata tafinta. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Ta buɗe littafin ta ɗora yatsa a kan ƙwan. Lupe ta ce haka kakarta ke yi idan wani ya yaba yaro da mugun ido, yaron ya kwanta da zazzaɓi. Sai Inna ta ce, "Kambun baka ke nan. Ashe su ma suna fama da shi. To gaya mata ƙwai na ci ne, Falaƙi da Nasi ake karantawa." Rabin maganar na fassara. Da suka kai shafin ganyayyaki, Inna ta gane na'a-na'a da kirfa da tsamiya. Lupe ta shiga kicin ta ɗebo wani busasshen jan fure. Inna ta shinshina, ta tauna, ta ce zoɓo ne, kuma daga wurinmu suka sato shi.

Littafin ya koma hannun Safiya, amma sai da Inna ta ɗauki allura da zare ta ɗinke shafin ƙwan da na teburin mamata. Sauran ta riƙa sa yarinyar ta karanta mata, tana yi wa tsohuwar littafin gyara: wannan kirfa ta yi yawa, ba haka ake dafa na'a-na'a ba. Da haka Safiya, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Turanci, ta fara riƙe citta da kanumfari da tazargade, domin Inna ba ta yarda jikarta ta san maganin wasu ta jahilci na gidansu ba.

Har Inna ta rasu ba ta taɓa kai loma baki a gidan Lupe ba, saboda tsoron kitsen alade. Amma sukan miƙa wa juna ganye ta kan shinge, kowacce tana magana da yarenta. Da aka yi rasuwar, Lupe ta zo ta zauna tare da mu, riƙe da busasshen zoɓo da sukari. Ta san ba za a ci girkinta a gidan Inna ba.

Yanzu Safiya tana jami'a a Maryland tana karatun zane, kuma ta haɗa nata littafin yaran, Hausa da Turanci, a kan Inna da magungunanta. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce, ita da hoton fasfo ma sai da aka lallashe ta. Wata mata daga wani kamfanin ɗab'i ta ga zanen ta ce ya burge ta. Saurin yabon nata ne ya fara tsaya mini a rai, don in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ba a jima ba ta aiko da gyare-gyare: a rataya wa tsohuwar layu a wuya, a ƙara hayaƙi, a zaunar da ita a ƙasa gaban ƙwarya. Inna fa, wadda ko jariri ba ta taɓa ɗaura wa laya ba, wadda ke dafa maganinta a kan gas da carbi a hannu. Boka suke so, sun rasa, suna neman su ara fuskar uwata.

Wannan ya sa na tsallaka gidan Lupe na tambaye ta ko tsohuwar da ke cikin wancan littafin ta yi kama da kakarta. Ta yi dariya ta ce ƙwan gaskiya ne, amma kakarta takalmin roba take sawa, tana sauraren rediyo, ba ta taɓa yin irin shigar nan ba. Wato ita ma an yi mata ƙari. Sai na gane Inna ba ta yi kuskure da ta zargi littafin ba. Ƙofar da ta ƙwanƙwasa ce ba daidai ba.

Ban ce wa Safiya ta fasa ba. Ita ce ta kira ni bayan sun gana da matar, ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Mama, na karɓo zane na. Inna ba ta sa wannan abu ba."

Kayan sawar Inna an raba su tun tuni. Rabin magungunanta sun bi ta, don ba ta taɓa faɗin awo ba, hannunta ne ma'auninta. Littafin ma ban sani ba ko zai fito. Amma akwai yarinyar da aka haifa a Virginia, wadda aka miƙa wa suna da yabo ta ƙi, don kada a yi wa kakarta ƙarya. Wannan gadon ban san an raba shi ba sai bana.

Allah Ya yi miki sassauci a inda babu sauran abin tsoro, Inna.