Malam Isiyaku da Lomar Ƙarshe

Da safiyar Talata ina zaune bakin taga, ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai waya ta yi ƙara. Ba kasafai ake kirana a irin wannan lokaci ba, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Hadiza ce, babbar 'yar Malam Isiyaku. A nan London aka haife ta, kuma ko da Hausa na yi mata magana da Turanci take amsawa. Amma ran nan da Hausa ta faɗa, a hankali: "Baba Mamman, Abba ya cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwan ya tafasa, butar ta kashe kanta, ban tashi daga inda nake ba.

Waɗanda suka fi ni sani sun yi magana a wurin jana'iza a kan aikinsa da riƙonsa da addini, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne, kuma kusan dukansa a kan tebur ɗaya ya faru.

Na zo ƙasar nan a shekarun da kuɗin man fetur ya fara malala a gida, lokacin da ake ɗibar ma'aikata ana turo su koyon sana'o'i. Ni an turo ni ne in koyi aiki da sababbin injinan buga littattafai. A lokacin 'yan ƙasarmu sun cika kantunan London, suna sayen takalma da agoguna suna loda wa akwatuna, duk inda muka shiga ana yi mana kallon masu arziki. Ni kuwa ina wani ɗan ɗaki a hawa na uku, burodi da shayi safe da yamma. Ba abin saye na rasa ba. Tsoron naman alade ya hana ni shiga gidajen abinci, kuma ko na dafa wani abu, da na zauna ni kaɗai da faranti sai in kasa ci. A Zariya na tashi, a gidan da mu tara muke kewaye akushi ɗaya.

Cikin wata na uku na rubuta wa shugabana na gida takarda, na roƙa a mai da ni, na ce karatun ya fi ƙarfina. Ba gaskiya ba ne, karatun bai gagare ni ba. Na san idan takardar ta isa an gama da ni a wurin aiki, na kuma san yadda mahaifina zai ji. Duk da haka na manna mata kan sarki, na sa ta a aljihun kwat, da niyyar in jefa ta a akwatin wasiƙu bayan sallar Juma'a.

Ina sa takalmi bayan an idar, sai na ga wani dogon mutum mai wushirya ya tsaya yana kallon bel ɗina, wanda na huda wa sababbin ramuka biyu da ƙusa.

Ya ce, "Malam, daga ina?"

Na ce daga Zariya.

Ya ce, "Shi ya sa! Bazazzagi gara yunwa ta kayar da shi da ya buɗe baki ya ce yana jin ta. To ni Bakano ne, ka gamu da ubangidanka. Taso mu je."

Isiyaku ke nan. Ya riga ni zuwa da shekara biyu, yana koyon ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi a wani asibiti a unguwar Marylebone. Ban san abin da ya sa na bi shi ba. Wataƙila don shi ne mutum na farko da ya tsokane ni tun da na sauka daga jirgi.

Ya kai ni wani lungu a bayan manyan titunan unguwar, wani ƙaramin gidan abinci na mutanen Sifaniya. Muna shiga na ɗaga kai, sai ga cinyoyin alade busassu a rataye a saman kanta. Na ja da baya. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Ba kai suke nema ba. Zauna nan ka ba su baya." Sannan ya nuna mini wani kasko da wata wuƙa a rataye can gefe su kaɗai, an ɗaura musu jan zare. Ya ce nasa ne, ba abin da ke taɓa su sai kifi da ƙwai da kayan lambu, kuma ba a ɗiga musu giya.

Sai daga baya mai gidan abincin, wata dattijuwa da ake kira Pilar, ta gaya mini asalin kaskon. Mijinta ya yi ciwon ƙirji, ga shi Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Isiyaku ya riƙa tsayawa bayan tashi daga aiki yana raka shi ɗaki ɗaki, yana maimaita masa maganar likita sannu a hankali har ya gane. Da suka so su yi masa kyauta ya ƙi. Ya ce in dai sai sun yi masa wani abu, su ware masa kasko. Shi bai taɓa ba ni wannan labari ba.

A makarantar da na yi, wani Bature ya koya mana cin abinci irin nasu: cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, farantinka naka ne, ba ka miƙa hannu cikin na wani. Na riƙe wannan kamar karatun allo. Da Pilar ta kawo wani ɗan faranti da bai fi tafin hannu ba, ɗauke da wainar ƙwai da dankali an yanka ta huɗu, na ce a raina, ashe rowar Turawa ta kai haka. Na jawo shi gabana, na gyara zama, na cinye yanka huɗun nan tas da wuƙa da cokali. Da na ɗago, sai ga Isiyaku ya yi tagumi yana kallona, Pilar kuma na tsaye da faranti na biyu tana dariya har tana share hawaye.

Ya ce, "Sannu da aiki, Bature. To ni me zan ci?"

Na ce, "Ai naka na tafe."

Ya ce, "Nan babu nawa babu naka. Dubi can."

Na duba. Ma'aikata ne kewaye da tebura, ƙananan faranti biyar ko shida a tsakiya, kowa na miƙa hannu inda ya ga dama, ana dangwalar mai da burodi, ana surutu baki cike. Irin wannan ci shi suke kira tapas. Turawa ne, amma da na rufe ido sai in ce a zauren gidanmu nake.

Na ajiye wuƙar. Aka kawo soyayyen dankali da miya mai yaji, da ƙananan kifi, da gasasshen tattasai, da zaitun. Aka kawo jatan lande yana tafarfasa cikin mai da tafarnuwa, na ce wannan kam ban da ni. Isiyaku ya ce, "Kai da ka girma da fara a aljihu? Ita ce dai, wanka ta yi." Na ci. Rabona da in ƙoshi irin na ran nan tun a gida.

Da muka gama, kowane faranti da saura loma ɗaya a ciki. Ni ban ɗauka ba, shi bai ɗauka ba. Pilar ta zo ta tsaya tana kallo, sannan ta ce, da ɗan Turancinta, su ma a ƙasarsu ba mai ɗaukar ta ƙarshe, har suna kiranta lomar kunya. Isiyaku ya ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ya ce, "Ka ji ko? 'Yan uwanmu ne, nisa ne kawai ya shiga tsakani." Ta ɗauko wuƙa mai jan zare ta raba mana kowace biyu. Haka aka ci gaba da yi mana duk zuwan da muka yi bayan nan.

A hanyar komawa muka zo daidai jan akwatin wasiƙu, na rage tafiya. Bai tambaye ni kome ba, ko da yake bakin ambulan ya leƙo daga aljihuna tun a masallaci. Ya ce kawai, "Juma'a mai zuwa ma nan za mu zo, kuma kai za ka zaɓi abinci. In kana da wata tafiya, ɗaga ta." Takardar tana cikin akwatina har yau, ba a buɗe ta ba.

Ba ni kaɗai ya yi wa haka ba. A shekarun nan mutanenmu da yawa suna zuwa ganin likita a Marylebone, su kwana a manyan otal ba wanda suka sani. Duk wanda Isiyaku ya gani a zaune shi kaɗai a ɗakin jira, to ran Juma'a za ka same shi a teburinmu. Na ci abinci faranti ɗaya da babban sakatare, na ci da direba, wani lokaci rana ɗaya. Yakan ce, "Wanda ya ci abinci yana kallon bango, ni a wurina bai ci ba." Yana da nasa halin, Allah ya gafarta masa. Bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba, kuma ko ya ɓatar da mu a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ya ce taswirar ce ba daidai ba.

Mu duka biyu muka gama karatu, muka sami aiki, muka yi aure, zama ya kama mu a nan. Shi ya koma Abbey Wood, ni Edmonton, unguwanni masu nisa da juna, cin kowane mako ya zama na Juma'ar farkon wata. Da matata Hauwa ta rasu, Allah kuwa bai ba mu haihuwa ba, na rufe ƙofa na koma wa burodi da shayi. Bayan kwana arba'in na ji ana bugun ƙofar gidana da sanda. Ya hawo jirgin ƙasa da bas biyu da ciwon gwiwarsa. Ya ce, "Bazazzagi, fito. Ba ta'aziyya na zo ba, wannan na riga na yi. Yunwa nake ji."

Zuwanmu na ƙarshe wata biyu ke nan. Pilar ta daɗe da rasuwa, ɗanta Antonio ke riƙe da wurin, shi ma ya yi furfura. An sake kaskon ban san sau nawa ba, amma jan zaren na nan. Isiyaku bai ci da yawa ba ran nan. Da wainar ƙwai ta rage yanka ɗaya, Antonio ya taho da wuƙa, sai Isiyaku ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Yau ba za a raba ba. Mamman, ci."

Na ce haba, wane ni.

Ya ce, "Shekara hamsin kana barin abin da kake so a faranti don kada a ce. Kunyar nan taka ta kusa mai da kai Zariya hannu rabbana. Ci ina kallo. Kuma duk ran da wani ya ce maka taso mu je, ka tashi."

Na ci. Ya gyaɗa kai, ya shiga zagin Zagezagi kamar yadda ya saba.

Bayan addu'ar bakwai na dawo gida na zauna, na san Juma'ar farkon wata za ta zo ta wuce ba mai buga mini ƙofa. Na fara shirya zuciyata a kan haka. Sai ga wayar Hadiza. Ta ce, "Baba Mamman, na yi booking ran Friday, teburinku. Ni da Usman za mu zo mu ɗauke ka." Usman ƙaninta ne. Amsa ta riga ta zo bakina: kada ku wahalar da kanku, hanya da nisa, kuna da aiki, ni ba kome. Har na ja numfashi zan faɗa. Sai na ce, "Ƙarfe nawa?"

Ta yi dariya mai haɗe da kuka. Ta ce, "Abba ya ce sai ka ce a'a sau uku, kada in kula ka."

Na ce, "To wannan karon Bakano bai canka daidai ba."

Mun je. Na zauna inda ya fara zaunar da ni, na ba cinyoyin baya. Da waina ta rage yanka ɗaya, na ga Hadiza da Usman sun janye hannuwansu a tare, ba wanda ya ce musu kome. Na kira Antonio na ce ya raba uku.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Kamar yadda bai bar baƙo ya ci shi kaɗai ba, kada ka bar shi shi kaɗai a makwancinsa. Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna tare da salihan bayinka. Ka ba matarsa Hajiya Rabi haƙuri, ka sa ta fita takaba lafiya. Ka yi wa Hadiza da Usman albarka, ka raya zuriyarsu a kan halin ubansu. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani, ka sake haɗa mu da shi a wurin da babu rabuwa. Amin.