Sunan da Ke Yawo a Kan Sojan

Shekara ashirin da uku ban kira ɗana na fari da sunansa ba, kuma ba faɗa muka yi ba. Haka na taso na tarar a gidanmu: ɗan fari na kaka ne, uba ba ya kama sunansa, ba ya zaman hira da shi. Ranar da aka haife shi ni na yi masa huɗuba a kunne da sunan, tun daga nan bakina bai sake furta shi ba. Da aka yaye shi Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. In ina son aikensa sai in dubi katanga in ce, “A gaya wa wancan ya kai wa shanu harawa,” alhali yana tsaye a gabana. Ni a wurina kunya ce irin ta mutanen kirki, ban taɓa kawowa a raina cewa ciwo take yi masa ba.

Bara, lokacin cirar gyaɗa, bai dawo gida ba. Ya gama karatu a Kano ya zauna a ɗakin wani abokinsa, sai labari ya zo cewa ya sami aiki a Legas, motar Asabar zai bi. Mahaifiyarsa ce ta gaya mini sauran, tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba. Wai ya ce ba zai zo sallama ba, domin mutumin da bai san sunansa ba ba zai lura ya tafi ba. Na yi faɗa ranar har kaji suka watse. Na ce boko ne ya lalata shi, na manta ni ma malamin firamare ne. Da zuciyata ta sauka na kira wayarsa. Ya gaishe ni, na amsa, na ce “To,” na kashe. Gaskiya tsoro ya kama ni, don na san masu tafiya Legas da fushi, wasu sai gawar uwa ke dawo da su.

Ƙanena, autanmu, yana da rumfar cajin waya a bakin titin da ke zuwa Ɗanbatta, kuma shi da yaron tamkar abokai suke. Shi ya ce mini kullum bayan la'asar suna wasan sojoji a waya, su huɗu har da abokin nan na Kano, ga shi wayar na huɗun ta faɗa rijiya. Ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi ya ce in dai muryar ɗana nake son ji, ga gurbi. Na ce masa ya raina ni, da furfurata zan zauna ina harbin aljanu a gilashi. Ranar Laraba sai ga ni a rumfar, na zauna can ciki bayan buhunan gawayi don kada ɗalibaina su gan ni.

Ya ba ni wata waya da abin sawa a kunne, ya yi mini bayani. Mutum huɗu ne ƙungiya. Ana jefa ku wani gari da ba kowa tare da wasu ƙungiyoyi, wanda ya rage a raye shi ya ci. Babban yatsan hagu na tafiya ne, na dama na dubawa da harbi. In an harbe ka ba nan take kake mutuwa ba, durƙushewa kake yi kana rarrafe, wani jan layi yana raguwa, in ɗan ƙungiyarku ya iso ka kafin layin ya ƙare zai tashe ka. Akwai ɗan hoton makirufo a gefe, in ka taɓa kowa zai ji ka. Na ce ya kashe mini shi, kuma in ya kuskura ya faɗi ko ni wane ne, shi da rumfarsa za su gane kurensu. Ya rubuta mini suna Sabon Shiga.

Abin da bai gaya mini ba shi ne kowane soja sunansa na yawo a saman kansa. Autan da abokin sun sa wa kansu sunayen shirme. Ɗana kuwa sunansa na yanka ya rubuta. Duk inda sojansa ya yi, sunan na biye da shi da fararen baƙaƙe, ni kuma an ce in bi bayansa.

Ranar farko kunya kawai na sha. Yatsuna sun yi kanta da fartanya, gilashin ba ya jin su sai na danna da ƙarfi, in na danna kuma sojana ya kama kallon sama yana juyi. Na shiga lungu na kasa fita. Na jefa gurneti ya daki bango ya dawo ƙafata. Sau uku ana kayar da ni, sau uku ɗana yana dawowa cikin ruwan harsashi ya tashe ni. Shi ne shugaban ƙungiyar, kuma ban taɓa sanin haka yake magana ba. Yana ba da umarni a natse, yana tsokanar baffansa, yana dariya har da shaƙewa. A gabana kansa kullum a ƙasa yake, kalmominsa ba su wuce biyar. Ya ce mini, “Sabon Shiga, kada ka ji tsoro, kowa da haka ya fara. Ka tsaya kusa da ni.” Raina ya ɗan sosu da yaro yana koya mini tafiya, amma ban so a tashi ba.

Ranar Alhamis na iya gudu da ɓuya, har na harbi wani, ko da yake autan ya rantse mutumin ya riga ya mutu. Ɗana ya ja mini kunne a kan abu ɗaya. Ya ce shiruna zai kashe su wata rana, domin na baya shi ne idon ƙungiya. In na ga abokin gaba in faɗi sunan wanda ake nufa, in faɗi ta ina, kada in tsaya kwana-kwana. Autan ya dube ni ta saman wayarsa, na harare shi.

Juma'a ita ce ta ƙarshe. Hadarin ƙarshen damina ya haɗo daga gabas, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, gyaɗata kuma tana shanye a gona, na sani sarai, na ƙi tashi. Mun daɗe a wasan fiye da kullum, saura ƙungiya biyu, mu da wasu. Su ukun suna gabana sun jeru a bayan wata rusasshiyar katanga suna kallon wani bene, ni ina can baya a gindin mota. Sai na ga mutum ya fito daga ciyawa ta dama yana sanɗa, bakin bindigarsa a kan bayan ɗana. Na harba na sami sama. Na taɓa makirufon. Sunan yana gabana a rubuce, ya zo har kan harshena, sai bakina ya yi abin da ya saba shekara ashirin da uku.

Na ce, “Kai, wancan, bayanka.”

Su ukun duka suka juya, kowa ta inda ya ga dama. Ɗana ya juya hagu. Aka zuba masa harsashi ya durƙushe, kafin autan ya kayar da mutumin. Daga benen kuma aka buɗe wuta, autan da abokin suka maƙale a inda suke.

Can na ji muryar ɗana, ba ta shugaban ƙungiya ba, ta zauren gidanmu.

“Baba ne?”

Na ce, “Ni ne.”

Jan layin ya fara raguwa. Yana kwance a fili, taku kaɗan daga katangar, in ya rarrafo zan iya tashe shi a ɓoye. Bai motsa ba. Autan ya yi ta kiransa yana cewa ya matso. Sai abokin, wanda ke ɗaki ɗaya da shi a Kano, ya ce a hankali, “Baba, ya ajiye wayar a kan katifa. Amma abin jin yana kunnensa.”

Na fito daga gindin motar na ruga. Sabis ya ɗauke, sojana ya daskare a tsakiyar fili, na ji kamar in fasa wayar da ƙasa. Da ya dawo an ci rabin ran sojana, na faɗa bayan katangar. Layinsa bai fi faɗin farce ba. Na san in ya ƙare zai cire abin kunnen, gobe da asuba yana tasha. Iska ta fara kaɗa kwanon rumfar, autan ya daina kallon wayarsa ni yake kallo. Na tuna Inna, Allah ya jiƙanta, da abin da za ta ce in ta ji ni. Kunyar ta kama ni har wuya, ba wasa ba.

Na kira shi. Sunan ya fito ƙasa-ƙasa, har ban tabbata ya ji ba, sai na sake kira da ƙarfi, na ce ya matso kusa da ni.

Sojan ya motsa. Ya rarrafo a hankali, na ɗora yatsana mai kanta a kan gilashin na danne, ban kai ga tashe shi ba aka jefo mana gurneti, mu biyun muka tafi tare. Fuskar wayar ta yi duhu, ruwa ya sauko a kan kwano da kan gyaɗata. Ban cire abin kunnen ba, shi ma bai cire ba, ina jin yana jan hanci.

Ya ce, “Na'am, Baba.”