Bidiyon Sauka Ya Cinye Mana Satifiket

Jama'a, ku ji yadda bidiyon saukar karatu ya kashe mana shafin intanet na makaranta!

Da safen nan Malam Sani, hedimastan Islamiyyar da nake kula wa da kwamfuta a Birnin Kudu, ya kira ni: "Injiniya, shafinmu ya ƙi buɗewa, ga shi yau ake rufe tura sunayen 'yan jarrabawa!"

Na hau babur na je. Sabar makarantar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta kafe, wai ba ta ga satifiket ɗin tsaro ba, fayil ɗin da in babu shi shafi ba ya tashi. Na leƙa inda yake zama. Wayam!

Na ce, "Wa ya taɓa nan?"

Malam ya ce, "Ni ne. Bidiyon sauka ya ƙi shiga, wai babu wuri, sai na goge duk abin da sunansa ba shi da kan gado."

Innalillahi! Na ce a ɗauko jan filas ɗin da na ajiye kwafin satifiket ɗin a ciki.

"Ai shi muka share muka zuba wa Hajiya Binta ta Fagam bidiyon jikarta."

Na ce to mu nemi sabon satifiket. Ashe sai an tura lambar sirri zuwa layin wayar wanda ya fara buɗe mana shafin, wani ɗan bautar ƙasa da ya daɗe da komawa garinsu. Muka kira, layin a rufe!

Na zauna na yi tagumi. Malam ya dafa ni: "Amma dai bidiyon yana nan ko?"

Yana nan, Malam. Shi kaɗai ma ya rage.