Lambar yabon da Inna ta ƙi taɓawa

Yayana malamin lissafi ne a jami'a. Shekarar da aka ba shi lambar yabo a wani taron masana a ƙasar waje, ya kawo ta garinmu kusa da Anka don Inna ta sa albarka. Lambar ba ta fi murfin gwangwanin madara ba, launin zinare, a cikin ɗan akwati.

Inna ba ta taɓa ta ba. Tun da gubar dalma ta kashe yara a Abare da Sunke, har da jikarta ɗaya, lokacin da ake daka dutsen zinare cikin gidaje, ta daina yarda da duk abin da ke walƙiya.

"Mi ka yi musu sunka ba ka wanga?" ta tambaye shi.

"Wata matsalar lissafi na warware, Inna, wadda ta daɗe tana gagarar mutane."

"Da ka warware ta, wa ya samu sauƙi?"

Ya yi dariya, ya ce akwai ma wadda ta fi wannan, zinare tsantsa, kuma sai wanda bai kai arba'in ba ake ba wa. Inna ta ce masu ramukan zinare ma matasa suke ɗiba.

Kafin la'asar labari ya fita. Wani mai sayen zinare, baƙo ne a garin, bai taɓa taka zaurenmu ba, sai ga shi ya zo taya murna. Ya tambayi nauyin lambar. Ya tambayi ko Yaya zai kwana biyu, kuma ta Gummi zai koma ko ta Bukkuyum. Yaya yana ba shi amsa da zuciya ɗaya, ni kuwa idon mutumin nake kallo. A shekarun nan, tambayar hanya ba ƙaramin abu ba ce.

Baba ya katse hirar. "Tagulla ce aka shafa wa ruwan zinare," in ji shi, alhali shi ma bai sani ba.

Da asuba Inna ta sa Yaya ya bi motar shinkafa, ta wata hanyar daban. Ya tafi ransa a ɓace, ya isa lafiya.

Har yau ban san ko mutumin yana da wata manufa ba. Yakan gaishe ni a kasuwa, in amsa a taƙaice. Da aka sake karrama Yaya, ta waya ya gaya mana, mu kuma ko maƙwabta ba mu faɗa wa ba.