Ƙarin Giyar Motar Baba

Motar Baba ta girme ni. 'Yar ƙarama ce ta Ingila, koriya, mai kujera biyu, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya, sitiyarinta a dama irin na da. Ya saye ta ne a hannun wani injiniya Bature da suka yi aiki tare a wata masaƙa a Bompai, lokacin da mutumin zai koma ƙasarsu. A kan ƙulun giyarta akwai wani ɗan makunni. In mota ta miƙe a titi ka tura shi da babban yatsa, sai injin ya sauke murya, ita kuwa ta ci gaba da gudunta cikin natsuwa. Obadaraif ake ce masa, amma Baba ƙarin giya yake kiransa.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta hagu, harshensa ya yi nauyi, sai na ɗauko shi daga tsohon gidanmu na dawo da shi wurina a Panshekara, har da motar. Likita ya ce a riƙa fita da shi yana shan iska. Wata Asabar da ba ni da aiki a kamfanin robar da nake yi a Sharada, na ɗora shi a motar muka hau titi. Na tura makunnin, babu abin da ya canza. Na sake turawa, injin bai sauke murya ba. Baba ya girgiza kai, da ƙyar ya ce, "Ihu... take." Tun daga ranar ya ƙi yarda ya sake shigarta. Sai dai a fito masa da kujera gindin darbejiya, ya zauna yana kallonta.

Maƙwabcina mutumin Maraɗi ne, mai gyaran wutar injina a wani kamfanin fata a Challawa. Malam nake ce masa. Ya tarar da ni na buɗe bonet ina ta kallon wayoyi, ya ce, "Ni dai ban san mota ba. Amma in wuta ce ta ɓata hanya, mu bi sawunta tare."

Ya kawo ɗan kwan gwaji mai wayoyi biyu, wanda ke kamawa in ya taɓa inda wuta take. Muka fara daga fis, lafiyarsa ƙalau. Muka kankare tsatsa a duk mahaɗar da muka gani. Na kwanta ƙarƙashin motar na kai kwan jikin salanoyid, wato ɗan ƙarfen da ke manne da akwatin giya, wanda wuta ke ja ya shigar da ƙarin giyar. Malam ya murɗa makulli ya tura makunni. Kwan bai ko ƙifta ba.

Muka yanke hukunci cewa rile ne ya ƙone, ɗan akwatin nan da ke miƙa wuta. Na yi yawo wajen masu tsofaffin kayan mota a Ƙofar Ruwa har na samo mai kama da shi. Muka ɗaura a hutun mako na gaba. Shiru.

Muna tsaye gaban motar, sai Baba ya fara buga sandarsa a ƙasa. Na ɗauka ruwa yake so, na kawo masa, ya ture kofin. Ya ɗaga yatsu uku na hannun dama. Na ce, "Baba, ƙarfe uku ba ta yi ba, sai bayan La'asar za ku sha maganin." Ransa ya ɓaci, ya nuna motar da sanda, ya sake ɗaga yatsun.

Malam ya durƙusa gabansa ya ce, "Alhaji, giya ta uku kuke nufi?"

Baba ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

A hankali, kalma bayan kalma, muna cika masa inda ya maƙale, ya fahimtar da mu cewa akwai wani makunnin a ɓoye a saman akwatin giya. Ba ya barin wuta ta wuce sai mota tana giya ta uku ko ta huɗu, don kada wani ya kunna abin yana ribas ya karya komai. Mu kuwa duk gwajin da muka yi, motar a firi take, ba ta cikin kowace giya. Wato rilen da muka cire bai yi laifin komai ba. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To ai mun kama wanda bai ji ba bai gani ba!"

Muka mayar da tsohon rilen, muka sa giya ta uku ba tare da tayar da inji ba. Kwan ya kama, ya mutu, ya sake kamawa. Malam ya lura cewa duk lokacin da hannunsa ya motsa sandar giya ne hasken ke rawa. Muka kwance ƙulun, muka zaro wasu siraran wayoyi biyu da suka bi ta cikin sandar. Robarsu ta bushe ta farfashe, ɗaya ma sili biyu ko uku kawai suka riƙe ta. Malam ya kawo sabuwar waya daga gidansa, muka zura, ya ɗaure bakin da dalma. Da ya tura makunnin, daga ƙarƙashin motar muka ji ƙas! Baba ya ɗaga sandarsa sama.

Ranar Lahadi da hantsi muka fita, lokacin da tireloli ba su cika hanyar Challawa ba. Da na sa giya ta huɗu, sai na ji hannun Baba na dama ya sauka kan nawa. Ya lalubi makunnin da babban yatsa ya tura da kansa. Injin ya sauke murya. Baba ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin ya kwanta. Muna wuce katangun kamfanoni yana ba ni labarin masaƙa, da abokan aikinsa da ban taɓa jin sunansu ba, kuma ban gaggauta shi ba. Na gode wa Allah da ya bar mana shi har na ji waɗannan labarai daga bakinsa.

Da muka dawo, Malam na zaune a dakalin gidansa yana jiran ya ji yadda ta kaya. Na fara yi masa godiya, amma Baba ya katse ni. Ya sa muka sauko da shi, ya nuna wa Malam kujerar da ya tashi daga kai, ya ce, "Shiga... kai ma." Malam dogon mutum ne, sai da ya naɗe ƙafafunsa kafin ƙofar ta rufu. Muka hau titi yana dafe da hularsa da hannu biyu, yana cewa in rage gudu, ni kuwa ko giya ta uku ban kai ba.